Ruwa Garau

Malam Ishiyaku ya ɗaga 'yar kwalbar zuwa taga, ya karkata ta, ya bar hasken hantsi ya ratsa ta. Ruwan da ke ciki bai fi cokali guda ba, kuma garau yake kamar an ɗebo shi daga randar da ta kwana. Ya dubi takardar da aka naɗe ta da ita: Selina Vandi, shekara bakwai, daga duwatsun Michika. Ya zaro alƙalami daga bayan kunnensa, ya rubuta cewa babu ƙwayar cuta, ya sa hannu. Sannan ya ajiye kwalbar a tiren waɗanda za a wanke, ya ɗauki ta gaba.

Ta gaban fara ce fat kamar ruwan gasara. Ita kam ya bi da ita yadda aka koya masa: ya sa ta a injin juyi na hannu, ya murza mariƙin har kafaɗarsa ta yi tsami, ya shafa abin da ya kwanta a kan ɓallin gilashi, ya busar a kan 'yar fitila, ya rina da shuɗi, ya wanke, ya rina da ja, ya kafa ido a madubin likita.

Watan Maris ne na shekarar 1970, mako na shida ke nan da sanƙarau ya sauka a ƙasar Mubi. Tun a makon farko ɗakunan ɗan asibitin suka cika, aka kakkafa rumfunan zana a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, aka shimfiɗa tabarmi. Duk yaron da aka kawo da zazzaɓi da ciwon kai, sai Dakta Mark, likita ɗaya tilo da ke wurin, ya lanƙwasa shi, ya soka masa allura a gadon baya, ya ɗiɗɗigo ruwa a kwalba a aiko wa Ishiyaku ɗakin gwaji. Ƙwayar maganin salfa da ta yi aiki a annobar baya, bana ta daina ci. Fanisilin kuwa daga Maiduguri yake zuwa, kuma bai taɓa isa ba. Saboda haka likitan ya jingina rabon maganin ga takardar Ishiyaku. In ƙwayoyin cutar kaɗan ne a ruwan, alama ɗaya; in da dama, biyu; in sun cika fili, uku, a yi wa yaro allura nan take ko da wani zai jira. In kuwa takarda ta ce babu, sai a ba da maganin zazzaɓin sauro a sallami mutum, domin akwai mai jiran tabarmarsa.

Ƙa'idar aikin ba ta da wani lungu. Kowane ruwa, gurɓatacce ne ko garau, sai an juya shi, an rina, an duba. Amma kowace kwalba tana cin kusan rabin sa'a, kwalabe kuwa sukan kai arba'in a yini, shi kuma madubin nasa ba ya aiki da lantarki, hasken rana yake sha ta taga. A mako na uku Ishiyaku ya ga lissafin ba zai fita ba. Bai shawarci kowa ba. Ya dai fara ɗaga kwalba zuwa haske: wadda ta gurɓace ya duba ta, wadda take garau ya wuce ta.

Yana da abin da yake lallashin zuciyarsa da shi. Mahaifinsa marini ne, ya zo daga Zazzau tun zamanin Jamus, mutumin da in ya leƙa karofi sau ɗaya ya san ko baba ya nuna, ba sai ya tsoma yatsa ba. Shi ne yakan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ishiyaku ya yi shekara goma sha tara yana kallon ruwan jikin mutane, kuma ya yarda ya gaji idon nan.

Rana ta take tsaka lokacin da Sista Margret ta shigo da wani tiren kwalabe. Ita ce babbar nas, mutuniyar Michika, mai faɗin kafaɗa da saurin baki. Ta dire tiren, ta ɗebi ruwa a randarsa ba tare da ta tambaya ba, ta shanye moɗa guda a tsaye.

"Wayyo, wannan zafi. Malam, kana nan cikin inuwa kamar sarki, mu muna can muna gasuwa."

"Zo ki karɓi sarautar, Sista, ki ba ni gashin."

"A'a, riƙe abinka. Idona bai kai naka ba." Ta goge bakinta da bayan hannu. "Af, yau ma ka sauke mini dutse daga ƙirji. Yarinyar nan ta wajenmu, Selina, ka tuna ta? Wuyanta dai bai sanƙare ba, amma ni ban so kamanninta ba. Jikinta zafi, hannuwanta kuwa sanyi kamar na kwaɗo, a wannan bazarar! Ga wasu 'yan ɗige-ɗige a ƙafa, uwar ta ce cizon ƙuma ne. Na ce wa Dakta mu riƙe ta. Da takardarka ta zo sai ya ce, 'Sista, tsakanin ke da madubin Malam Ishiyaku, wa ya fi gani?' Na ce na tuba."

Ta yi dariya. Ishiyaku ya juyo ya dube ta.

"Sun tafi?"

"Tun ɗazu. Motar Mato za su bi, wadda take tashi bayan azahar. Wata uku ke nan da matar ta binne mijinta, ga ɗanta na fari shi ma wannan ciwon ya ɗauke shi wancan watan. Ita kaɗai ta rage mata. To, bari in koma, kafin Dakta ya fara kiran sunana kamar na ci bashinsa."

Da ƙarar takalminta ta ɓace, ya daɗe yana duban tiren wanki. Kwalbar tana nan a gefe, ba a zubar ba. Ya ce wa kansa Margret mace ce mai yawan zargi, duk yaron da ta gani sai ta ga mutuwa a fuskarsa. Ya ce wa kansa ruwan sanƙarau ba ya zama garau. Duk da haka hannunsa ya miƙa ya ɗauko ta. Ya sa ta a inji ya murza, ya shafa, ya busar, ya rina. Yatsunsa, waɗanda shuɗi da ja suka riga suka zauna a faratansu, suka ɗiga mai a kan gilashin.

Ya kafa ido. Da farko hazo ne kawai. Ya murza maɓallin a hankali, filin ya washe.

Ja ne ko'ina. Ƙwayoyi biyu-biyu, kowace tana fuskantar 'yar'uwarta kamar ɓarin gyaɗa, sun cika filin daga baki zuwa baki, ba wurin sa tsinken allura. Ya matsa gilashin hagu, haka. Ya matsa dama, haka. Ya nemi fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne suke fitowa yaƙi har ruwa ya gurɓace, ya ga ɗaya a can, ya ga wata a can, shi ke nan. Sai ya tuna wani Bature mai sanƙo da ya koyar da su a Kaduna shekarar da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan zama a Najeriya ko Kamaru, yana cewa akwai wani irin da ba a cika gani ba, wanda cutar take rutsa jiki kafin jiki ya farga. Ruwan yakan fito garau saboda babu wanda ya fito yaƙi. Ya ce irin wannan ba a ƙirga masa kwana, sa'o'i ake ƙirgawa.

Ishiyaku ya ɗago kai. Ɗakin shiru, sai kukan wani jariri daga rumfuna. Ga kwanon ruwan sabulu nan kusa da gwiwar hannunsa. In ya jefa gilashin a ciki, babu mahalukin da zai sani. Yara suna mutuwa a hanya kullum a wannan watan. Za a ce zazzaɓi ne, za a ce kwana ne ya ƙare. Shekara uku suka rage masa ya ajiye aiki da mutuncinsa, mutumin da limamai da fastoci suke miƙa wa hannu biyu a kasuwa. Tunanin bai daɗe ba, amma ya zo, kuma ya zauna daram kamar baƙon da ya san gidan. Wannan ne abin da ya fi ba shi tsoro.

Ya jawo sabuwar takarda. Ya rubuta sunan, ya zana alama uku, ya ja musu layi biyu a ƙasa.

Ya tarar da Margret a rumfa ta biyu tana danne ƙafafun wani yaro mai jijjiga, likita yana neman jijiya. Ya miƙa mata takardar a gaban fuskarta. Ta karanta, ta dube shi, ta sake karantawa.

"Malam, wannan kuma fa? Ai da safe ka ce…"

"Haɗa allura, Sista. Ki tanadi ƙarin ruwa. Zan komo da ita."

Bai jira amsarta ba. Ya janyo kekensa daga gindin bango, ya hau da farar rigar aikinsa.

Titin ya yi fari da rana. Iskar da take bugun fuskarsa kamar daga bakin tanderu take fitowa, duwatsun gabas kuwa sai rawa suke cikin zafi. Ya wuce ta gefen mayo, rafin garin, wanda ya ƙafe ƙaf, mata suna tonon yashi suna jiran ruwa ya tsattsafo. Yana gab da kasuwa ya ji ladan ya ɗaga murya. Ya ƙara taka keken har ƙirjinsa ya fara zafi.

A bakin tasha hukuma ta ajiye duba-gari da teburinsa a ƙarƙashin wata tsamiya. Tun da annoba ta fara, ba a barin mara lafiya ya hau mota sai da takardar asibiti mai cewa ba sanƙarau ba ne. Bayan teburin, motar Mato tana tsaye tana gurnani, babbar mota mai jikin katako, an loda mata buhunan gishiri da garewanin kananzir da kwanon rufi, mutane sun hau saman kaya. Mato kansa, wani siririn Bakatsine mai jan haƙora, yana zagaya ta yana bubbuga taya da ƙafa.

"A'a! Malam Ishiyaku da kansa, a guje? Wa ya biyo ka, ko amarya ce ta gudu?"

"Kashe motar nan, Mato. Ina matar Michika mai yarinya mara lafiya?"

"Matan Michika goma ne a sama, kowace da yarinya. Zaɓi wadda ta yi maka."

Ishiyaku ya jefar da keken, ya taka taya, ya kama katako ya leƙa. Bai taɓa ganin fuskar yarinyar ba. Ruwan bayanta kawai ya sani. Ya kira, "Uwar Selina! Ina uwar Selina Vandi?"

Wata mace a kusurwa, tsakanin buhuna biyu, ta ɗago kai. Ba ta wuce talatin ba, amma fuskarta ta zabge. Ta lulluɓe yarinya da zane a kan cinyarta, ƙafafun kawai suka fito.

"Ni ne Miriyamu. Mene ne?"

"Baiwar Allah, daga asibiti nake. Ki sauko da yarinyar mu koma. Yanzu-yanzu."

"Mun gama da asibiti. Sun ba shi magani." Ta ƙara jawo zanen. "Yana barci."

"Ba barci ba ne. Sanƙarau ne, kuma mai tsanani."

Kalmar ta faɗa cikin motar kamar an jefa maciji. Mata suka fara janye 'ya'yansu, wani tsoho ya rufe hanci da hularsa, wani ɗan kasuwa ya daka tsawa a sauke ta. Miriyamu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro takarda a ninke, ta ɗaga ta sama.

"Ƙarya ne! Ga takarda. Takarda ya ce babu. Wancan mutum ya gani, ya ce in hau."

Duba-garin ya riga ya taso. Ya karɓi takardar ya buɗe, ya dubi Ishiyaku ta saman tabarau.

"Malam, ai hannunka ne wannan. Da shi na bar ta ta wuce."

"Nawa ne. Akwai wata takardar a asibiti, ita ce daidai."

"Ɗana Tizhe ma haka," Miriyamu ta ce, muryarta tana hawa. "Sun ɗebi ruwa a bayan shi, kwana biyu ya mutu. Wannan ma kun ɗiba, na yi shiru. Yanzu me ya rage za ku ɗiba? Kai likita ne? Ban gan ka ba ma. Likita ya ce mu je gida."

Duba-garin ya matso ya rage murya, irin ta ma'aikaci mai son rufa wa ɗan'uwansa asiri. "Wataƙila kwalabe aka musanya, ko ba haka ba, Malam? Nas-nas ɗin nan, aiki ya yi musu yawa."

Ƙofa ce aka buɗe masa, mai faɗi. Ishiyaku ya ji bakinsa ya fara shirin shiga. Amma Miriyamu ta tsinci maganar.

"In kwalba ya musanya, to wannan ciwo na yaron wani ne. Je ka nemi uwar shi. Direba, mu tafi!"

Mato ya ɗaga kafaɗa. "Ka ji fa. Ni dai mai takarda ba na sauke shi, kuma rana tana yi mini. In ba ka da wata magana, Malam, sauka mini daga taya."

Ishiyaku ya dubi ƙafafun yarinyar. Ɗige-ɗigen da Margret ta ambata ba 'yan kaɗan ba ne yanzu. Sun haura idon sawu, wasu sun haɗe sun yi baƙi-baƙi kamar an watsa tawada. Ya ga cewa duk wata magana da za ta bar masa mutuncinsa, za ta bar wa matar nan hujjarta. Ya ƙara riƙe katakon, ya ɗaga murya yadda na ƙasa ma za su ji.

"Ba a musanya komai ba. Sista ba ta yi kuskure ba, likita ma bai yi ba. Kwalbar 'yarki aka kawo mini da safe. Na ɗaga ta a taga, na ga ruwan garau, na rubuta babu. Ban sa shi a madubi ba. Ban duba ba, baiwar Allah. Wannan takardar da ke hannunki, ni na rubuta ta ban duba ba. Sai da rana ta take na duba, na ga ƙwayoyin sun cika shi, irin cikar da ban taɓa gani ba. In motar nan ta tashi da ita, ba za ta kai Michika ba."

Duba-garin ya sunkuyar da kai yana ninke takardar. Mato ya cire tsinken da ke bakinsa.

"Inna lillahi. Malam, shekara nawa muna kawo maka jininmu?"

Ishiyaku ya haura cikin motar, mutane suna darewa, ya durƙusa a gaban Miriyamu.

"Kada ki yarda da ni. Ba ni da bakin cewa ki yarda. Duba da idonki. Cizon ƙuma in an danna shi yakan ɓace, in an saki ya komo. Danna wannan."

Ta sa babban yatsanta a kan wani ɗigo a ƙaurin yarinyar, ta danna, ta ɗaga. Yana nan yadda yake. Ta danna wani. Ta yaye zanen sama, ta ga sun kai cinya, inda da safe babu ko ɗaya. Ta girgiza yarinyar, ta kira ta da harshensu, sau ɗaya, sau biyu. Selina ta buɗe ido rabi, ba ta dubi kowa ba, ta mayar. Ishiyaku ya taɓa hannunta, ya ji shi kamar ƙarfen da ya kwana a waje.

"Za su sake soka bayan shi?"

"A'a. A hannu za a yi. Na rantse miki da Allah."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai fara tattara bakin zanenta. Ishiyaku ya miƙa hannu zai ɗauki yarinyar, ta kauce masa.

"A keke za ka kai ta, ta ƙarasa a hanya?" Mato ya faɗa daga ƙasa. Ya tofar da yawu, ya buɗe ƙofar motar. "Ku zauna inda kuke. Kowa ya riƙe da kyau."

"Kai direba, mu Michika muka biya!" in ji ɗan kasuwar nan.

"Michika tana nan, Alhaji, tun kakanka ba ta gusa ba. Wanda ba zai je asibiti ba ya dira, ga ƙasa nan."

Haka babbar motar ta fita tasha ta juya baya ga hanyar Michika, kwanon rufi yana ƙara, mutum ashirin da wani abu sun manne a gefe guda sun bar wa mutum uku rabin motar. Keken Ishiyaku yana can kwance a ƙarƙashin tsamiya.

Margret tana tsaye a bakin ƙofa da allura a cikin kwano. Ba ta tambayi komai ba. Ta yi wa Miriyamu magana da harshensu na Kamwe, gajeru-gajeru, ta karɓi yarinyar ta ruga da ita. Jijiyoyin hannun sun riga sun lafe. Sai da Dakta Mark ya gwada sau uku kafin ya samu ɗaya a ƙafa. Ya tura maganin a hankali, ya rataya kwalbar ƙarin ruwa a jikin azarar rumfa, ya daɗe da yatsunsa a wuyan yarinyar. Sannan ya miƙe, ya yafito Ishiyaku zuwa bayan zana.

Saurayi ne idan aka kwatanta da Ishiyaku, bai daɗe da komowa daga aikin asibitin soja ba, kuma bai taɓa kiransa da suna ba tare da Malam ba. Ya fito da takardu biyu daga aljihu, sabuwar da kuma kwafin ta safe da ya rage a asibiti, ya jera su a tafin hannunsa.

"Malam, wacce ce taka?"

"Duka biyun, Likita."

"Yakan faru. Mutum ya duba gilashin farko bai gani ba, ya sake…"

"Ban duba na farko ba. Babu ma gilashin farko."

Gumi yana ɗiga daga haɓar likitan kan takardun.

"Ita kaɗai?"

"Tun mako na uku, duk ruwan da ya zo garau."

"Nawa?"

"Ashirin da uku. Sunayensu da ƙauyukansu suna cikin littafi."

Dakta Mark ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe, bai dubi Ishiyaku ba, duwatsu ya duba.

"Ni na sallame su, da hannuna. Yara arba'in a yini, mutum ɗaya, ban taɓa tambayar yadda kake yi ba." Ya ninke takardun tare. "Gobe ka kawo littafin, a bi su ƙauye-ƙauye. Sauran maganar sai annoba ta wuce, kuma za a yi ta, Malam. Yanzu ba ni da wani mai duba madubi."

"Yarinyar fa?"

"Sa'a huɗu muka ba cutar kyauta. Ban sani ba."

Ishiyaku ya koma ɗakinsa. Ya yi azahar da ta kuɓuce masa, ya zauna ga kwalaben da Margret ta kawo tun tsakar rana. Yana gama ta ƙarshe ya ji kiran la'asar. Ya wanke hannu, ya yi salla, ya fito da niyyar bi ta bayan rumfuna ya je tasha neman kekensa. Amma ƙafafunsa suka bi da shi ta gaban rumfa ta biyu.

Miriyamu tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, tana korar ƙudaje daga fuskar yarinyar da ganyen dogon yaro. Wani ya zagaye bakin ɗige-ɗigen da alƙalami don a ga ko za su ƙetare. Ishiyaku ya tsaya daga nesa kaɗan. Ya shirya kalmomin ban haƙuri tun a kan sallaya, amma da ya zo sai ya ga babu wadda za ta iya tsayawa a wannan wurin. Ya juya zai wuce.

"Malam."

Ba ta ɗago kai ba. Da ganyen ta nuna masa ɗaya gefen tabarmar.

"Da safe ba ka duba ba. Yanzu zauna, ka duba shi."

Ya cire takalmansa, ya zauna. A karon farko ya kalli fuskar Selina Vandi da kyau: dogon goshi, haƙorin gaba ɗaya da ya faɗi sabo bai gama fitowa ba, 'yan kunne na zare. Ƙirjinta yana hawa yana sauka da sauri, kamar na ɗan tsako. Ya bi layin alƙalamin da ido, ɗigo bayan ɗigo, daga idon sawu har cinya. Biyu sun taɓa layin. Babu wanda ya ƙetare.

Ya sa hannu ya riƙe nata. Can ya ji kamar akwai ɗumi-ɗumi a yatsun, amma ya kasa rabewa ko nata ne ko na tafinsa. Miriyamu tana kallonsa yanzu, tana jiran abin da zai ce.

"Ban tabbata ba tukuna," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da korar ƙudaje. Shi kuma bai saki hannun ba.